La'adar Dandalin Kama Masauki da Haƙƙin Baƙo na Sanin Abin da Zai Biya

Hayar gida ta gajeren lokaci, wato bai wa matafiyi ɗaki ko gida mai cikakkun kaya domin ya kwana ɗaya ko ya yi mako guda ko abin da bai kai wata ba, sana'a ce da ta bunƙasa a duniya tun bayan kafa kamfanin Airbnb a birnin San Francisco na Amurka a shekarar 2008, ko da yake Booking.com, wanda ya samo asali a ƙasar Holan a 1996, ya riga shi shiga harkar kama wa mutane masauki ta intanet. Waɗannan kamfanoni ba su mallaki gidajen da ake kwana a cikinsu ba. Abin da suka mallaka shi ne dandali, wato shafi da manhaja inda mai gida yake baje hotunan gidansa da farashinsa, matafiyi ya duba ya zaɓa ya biya, su kuma su yanki wani kaso daga kuɗin da ya ratsa ta hannunsu. Wannan kaso shi ne abin da kasuwa ta daɗe tana kira la'ada, ladan dillali a kan haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma a kansa ne wata tambaya ta fikihu da ɗa'a take tasowa, wadda yanzu ta shafi masu gidajen haya a Legas da Abuja kamar yadda ta shafi takwarorinsu na Landan da Dubai: mene ne ya wajaba mai masauki ya faɗa wa baƙonsa game da wannan kaso, mene ne yake da damar yin shiru a kansa, kuma a wace gaɓa ce bayanin nasa yake rikiɗa ya zama ƙarya ko cin amanar dillalin da ya kawo masa ciniki?

Ba a iya auna tambayar sai an san yadda ake yankar kuɗin, domin hanyoyin sun bambanta, kuma bambancin nasu yana taɓa hukunci. Airbnb ya daɗe yana amfani da tsarin raba la'ada gida biyu, inda yake cire kusan kashi 3 cikin ɗari daga hannun mai masauki, ya kuma ɗora wa baƙo abin da yawanci yake kaiwa kashi 14 a matsayin kuɗin hidima da ake rubutawa a layinsa daban. A ɗaya tsarin, wanda Booking.com yake bi tun da daɗewa kuma Airbnb ya ƙara karkata gare shi a ƙarshen 2025, mai masauki ne kaɗai ake cire wa la'adar, wadda take kai-komo a wajen kashi 15 cikin ɗari, ta yadda baƙo ba ya ganin komai sai farashi guda. Idan aka ɗauki misalin gidan da aka sa wa naira 100,000 a kowane dare, a tsarin farko baƙo zai biya kusan 114,000 mai gida ya karɓi 97,000, a tsari na biyu kuwa, in har mai gidan yana son 100,000 ta shigo hannunsa cif, dole ya rubuta kusan 117,650, domin ƙarin kashi 15 kawai ba zai cike giɓin ba tunda ana yankar la'adar ne daga sabon farashin. A duka tsarin biyu aljihun baƙo ne yake ɗaukar mafi yawan nauyin. Abin da ya sauya shi ne ko yana ganin nauyin da idonsa ko an narkar masa da shi cikin kuɗin kwana.

Halaccin la'adar kanta ba shi ne wurin saɓani ba. Imamu Buhari ya keɓe babi a cikin Sahihinsa a kan ladan samsara, wato dillanci, inda ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba, malaman Malikiyya kuma suna shigar da shi ƙarƙashin ji'ala, wato jingar da ba a biyan ladanta sai aiki ya kammala, ko ƙarƙashin ijara, wato hayar aiki ko amfanin wani abu a kan lada sananne. Fataucin Hausawa ma ya san haɗuwar masauki da dillanci tun kafin a yi intanet, domin fatoma ko maigida a zango shi ne yake saukar da fatake, ya adana musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya kuma tsaya musu a kan bashi, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a bincikensa na 1969 game da cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan, Polly Hill kuma ta bayyana irinsa a Kumasi. Sai dai akwai bambanci mai nauyi tsakanin waccan la'ada da ta dandali. Ta zango al'adar kasuwa ce ta yanke ta, kowa ya san ta, kuma ƙa'idar fikihu tana ɗaukar abin da ya zama sananne a al'ada tamkar sharaɗin da aka furta da baki, saboda haka babu wanda yake buƙatar a yi masa bayaninta. Ta dandali kuwa kamfani ne yake yanke ta shi kaɗai, yana sauya ta lokacin da ya ga dama, tana kuma bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da daga gida zuwa gida, ta yadda ba za a ce matafiyin da ya taso daga Kano zai kwana uku a Legas ya san ta ta hanyar al'ada ba. Inda al'ada ta kasa sanar da mutum, nauyin sanarwa yana komawa kan masu ƙulla yarjejeniyar.

Tushen maganar a shari'a shi ne yardar juna, wadda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta sanya ta zama abin da yake raba ciniki da cin dukiyar mutane da ɓarna, kuma yarda ba ta tabbata a kan abin da mutum ya jahilta. Shi ya sa malamai suka sharɗanta cewa kuɗin ijara ya zama sananne lokacin ƙulla ta, kamar yadda suka sharɗanta sanin tsawon lokacinta da abin da za a amfana da shi, suka kuma kira rashin wannan sani garar, wato shiga ciniki wanda ƙarshensa yake a lulluɓe. A nan ne dabarar da ta yi ƙaurin suna a kasuwancin intanet take shigowa, wadda ake nuna wa mai saye ƙaramin farashi a farko, sa'an nan a riƙa ɗigo masa ƙarin kuɗaɗe ɗaya bayan ɗaya yayin da yake matsawa zuwa shafin biya: kuɗin shara, kuɗin hidima, kuɗin ƙarin mutum, haraji. Mai kare wannan dabara zai ce babu garar a cikinta, tunda jimillar kuɗin tana bayyana kafin baƙo ya danna amincewa, kuma in aka tsaya a kan zahirin sharaɗin, maganarsa tana da kafa. Amma sharaɗin sanin farashi an gindaya shi ne domin mutum ya iya kwatantawa ya zaɓa, kuma wanda ya ɓata rabin sa'a yana tace gidaje bisa farashin da ba shi ne na gaskiya ba, ya nuna wa iyalinsa hotuna, ya watsar da sauran gidajen, zaɓinsa ya riga ya karkace kafin jimillar ta fito. Hukumomin zamani sun isa ga irin wannan fahimta ta tasu hanyar: Hukumar Tarayyar Turai ta matsa wa Airbnb a 2018 ya riƙa nuna cikakken farashi, jihar Kalifoniya ta fara aiki da dokarta a kan ɓoyayyun kuɗaɗe a Yulin 2024, hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka kuma ta fara aiki da ƙa'idar da ta shafi masaukai na gajeren lokaci da tikitin taruka a Mayun 2025. Abin lura a ƙa'idar ta Amurka shi ne ba ta hana karɓar kowane irin kuɗi ba, abin da ta tilasta shi ne a nuna jimilla tun farko kuma kada a yi ƙarya a kan manufar kowane kuɗi, kuma waɗannan abubuwa biyu su ne ainihin inda fikihu ya daɗe yana ɗora nauyi.

Wajabcin farko ke nan, kuma babu sassauci a cikinsa: baƙo ya san duk abin da zai fita daga aljihunsa kafin ya ɗaure kansa. Tambaya ta biyu ta fi wuya, wato ko wajibi ne ya san yadda za a kasafta kuɗin bayan ya biya, nawa ne na mai gida nawa ne na kamfani. A nan rabe-raben ciniki da malaman Malikiyya suka yi yana da amfani ƙwarai. Akwai musawama, cinikin tayi da sallamawa da aka saba gani a kowace kasuwa, wanda mai kaya yake faɗin kuɗinsa ba tare da ya ambaci nawa ya saro ba, kuma ba wanda yake da haƙƙin tilasta masa ya faɗa. Akwai kuma murabaha, wadda mai kaya yake bayyana uwar kuɗinsa sa'an nan ya nemi riba sananna a kai, ita kuma tana cikin cinikayyar da ake kira ta amana, domin mai saye ya daina dogaro da idonsa da sanin kasuwarsa ya koma dogaro da maganar mai sayarwa. Saboda wannan dogaro ne malamai suka tsananta a cikinta fiye da yadda suka tsananta a musawama. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi bayanin abin da ake lissafawa cikin uwar kuɗin tufafi da abin da ba a lissafawa, ya fitar da ladan dillalai da kuɗin naɗi da ɗauri da hayar ɗakin ajiya, ya yarda a lissafa kuɗin dako amma ba tare da an ɗora masa riba ba, sai fa idan mai sayarwa ya sanar da mai saye duk wannan dalla-dalla shi kuma ya yarda. Manufar wannan tsanantawa a bayyane take: wanda ya ce wa abokin cinikinsa kuɗi kaza na kashe, ya mayar da maganarsa ma'auni, ma'auni kuwa ba a tauye shi.

Idan aka ɗora wannan a kan mai masauki, sai a ga cewa wanda ya rubuta naira 117,650 a matsayin kuɗin dare, bai ce komai game da la'ada ba, musawama yake yi, kuma babu laifi a kansa, domin la'ada ɗaya ce daga cikin ɗawainiyar sana'arsa, daidai da man janareto da albashin maigadi da kuɗin intanet, waɗanda ba wanda ya taɓa cewa dole ya karanta wa baƙo su. Amma da zarar ya buɗe baki ya ce wa baƙon ƙarin nan ba nawa ba ne, na kamfani ne, to ya fita daga musawama ya shiga hurumin amana, ko da kuwa cinikin bai zama murabaha a ma'anarta ta fikihu ba, domin ya jingina wani yanki na farashi ga wani mutum daban kuma ya nemi baƙo ya gaskata shi. Daga wannan lokaci ba shi da damar ƙara ko kwabo a kan abin da kamfanin yake karɓa da gaske. Mai masaukin da ya ɗaga farashinsa da kashi 25 saboda cunkoson watan Disamba a Legas, sa'an nan ya ce wa mai tambaya la'adar dandali ce ta jawo, ya yi ƙarya sau biyu a cikin jimla guda, domin ya ɓoye ribarsa a bayan sunan wani, ya kuma ɗora wa wani zargin abin da bai yi ba. Ɗaga farashin lokacin da masu nema suka yi yawa halal ne a gare shi, kuma da ya faɗi haka kai tsaye da babu abin da zai rage masa sai ɗan jin nauyi. Wannan nau'in ƙarya ya fi yawa a sana'ar fiye da ɓoye jimilla, saboda yana da sauƙi, kamfanin yana nesa ba ya jin abin da ake faɗa a kansa, baƙon kuma ba shi da hanyar ganin takardar lissafin mai gida.

Masana falsafar Girka da Rum sun tattauna iyakar da take tsakanin shiru da ɓoyewa tun kafin zuwan Musulunci. Cicero, a littafin da ya rubuta kan wajibai a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo mas'alar ɗan kasuwar da ya iso tsibirin Rodas da jirgin hatsi daga Iskandariyya ana tsakiyar yunwa, alhali ya san wasu jiragen suna tafe a bayansa, ya kuma kawo saɓanin malamai biyu a kanta: Diyojinis na Babila yana ganin ya ishe shi ya bayyana aibin kayansa kamar yadda doka ta nema, ba dole ya ba da labarin da zai karyar da farashinsa ba, almajirinsa Antifata kuma yana ganin zumuncin ɗan Adam ya hana mutum cin riba daga jahilcin ɗan'uwansa. Cicero ya goyi bayan bayyanawa, ya kuma bambanta shiru na kawai da shirun da ake yi da nufin wani ya ci gaba da jahiltar abin da saninsa zai amfane shi, domin mai shirun ya ci moriya. Wannan ma'auni yana kusa da na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin neman halal na littafinsa Ihya'u, inda ya tattara adalcin ɗan kasuwa a cikin kada ya yabi kaya da abin da babu a cikinsa, kada ya ɓoye aibinsa, kada ya ɓoye awonsa, kada kuma ya ɓoye farashin da in mai saye ya san shi zai fasa. Tambayar da ya kamata mai masauki ya yi wa kansa ta fito daga nan: shin sanin kason kamfani zai sauya shawarar baƙo ta hanyar da take haƙƙinsa ce? A mafi yawan lokuta amsar ita ce a'a, domin abin da ya dami matafiyi shi ne jimilla da ingancin ɗaki. Amma akwai wurin da amsar take zama e, wato wurin mayar da kuɗi idan an fasa zuwa, domin ƙa'idar mayar da kuɗin hidima tana iya bambanta da ta mayar da kuɗin kwana, kuma baƙon da ya ɗauka duk kuɗinsa za su dawo alhali wani yanki zai maƙale ya jahilci abin da ya shafi aljihunsa kai tsaye. A irin wannan wuri shiru ya zama ɓoyewa.

Haka nan hukuncin yana sauyawa da sauyawar baƙon. Fikihun Malikiyya ya san wani mai saye da ake kira mustarsil, wato wanda ya fito fili ya ce bai san farashi ba, ya miƙa wuya ga mai kaya ya ce a sayar masa kamar yadda ake sayar wa mutane, kuma malamai sun haramta cutar da irin wannan, sun ba shi damar warware cinikin idan aka yi masa tsada mai muni. Dattijon da bai taɓa kama ɗaki ta waya ba, ya rako mara lafiya asibiti a wani gari, ya rubuto wa mai gida yana tambaya me ya sa kuɗin da ya gani da farko ba su ne aka nuna masa a ƙarshe ba, ya fi kusa da mustarsil fiye da ɗan kasuwar da ya saba yawo tsakanin birane. Amsar da ta dace da shi gajera ce kuma madaidaiciya: kuɗin kwana kaza ne, kuɗin shara kaza ne kuma mai gida ne ya sa shi, kuɗin hidima kaza ne kuma kamfani ne yake karɓa, haraji kaza ne, ga kuma abin da zai dawo in an fasa. Hausawa suna cewa baƙonka annabinka, kuma ko da yake wanda ya biya kuɗin ɗaki ɗan haya ne a hukunci, ba baƙon da shari'a ta wajabta a karrama kyauta ba, baƙuncinsa a garin gaskiya ne, raunin da baƙunci yake jawowa kuma shi ne dalilin da ya sa aka hana tarar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa.

Kuɗin shara ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan, domin shi ne kuɗin da mai masauki yake sawa da hannunsa amma baƙi da yawa suke ɗauka na kamfani ne. Suna ne da yake ɗauke da da'awa, domin wanda ya rubuta kuɗin shara ya ce ne a fakaice wannan kuɗi na wanki da goge-goge ne, saboda haka idan mai aikin tana karɓar naira 8,000 shi kuma ya rubuta 25,000 domin kuɗin kwanan ya fito da araha a jerin gidaje, to ya yi tadlisi, wato kyautata zahirin ciniki domin a rufe haƙiƙaninsa. Hadisin tarin abincin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu ya tarar da jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, wanda Muslim ya ruwaito, bai zargi mai abincin da sayar da jiƙaƙƙe ba, ya zarge shi ne da tsara tarin ta yadda ido zai fara faɗawa kan abin da ba shi ne gaskiyar kayan ba, kuma farashi ma ana iya tara shi haka. Kuɗin ajiya na ɓarna, wanda ya zama ruwan dare a gidajen haya na gajeren lokaci a Najeriya, hukuncinsa ya fi wannan bayyana: dukiyar baƙo ce a hannun mai gida, ba a taɓa ta sai da ɓarnar da aka tabbatar kuma gwargwadonta, kuma ambatonsa bayan baƙo ya iso da jakarsa a bakin ƙofa karya sharaɗin sanin farashi ne ƙarara.

Akwai ɓangare na uku a cinikin wanda bayanin la'ada yake yawan zama makamin cutar da shi, shi ne dillalin kansa. Sau da yawa mai masauki ba ya ambaton kason kamfani domin ya wayar da baƙo, yana ambatonsa ne domin ya buɗe ƙofar wata magana: a soke wannan, a turo kuɗin ta banki, kowa ya huta. Ƙa'idojin Airbnb sun hana jan baƙon da aka samu ta dandalin zuwa biya a waje, mai masauki kuma ya amince da su ranar da ya buɗe shafinsa, kuma abin lura ne cewa a babin ladan dillali ɗin nan ne Buhari ya kawo hadisin da yake ɗaure Musulmi da sharuɗɗan da suka ɗaukar wa kansu, wanda ya dace da umarnin cika alkawura da ya buɗe Suratul Ma'ida. Kowace kasuwar dabbobi ta san mutumin da dillali ya nuna masa saniya, ya yi kamar ya fasa, sa'an nan ya zagayo da yamma ya saya a hannun mai ita, kuma ba a taɓa ɗaukar wannan wayo abin yabo ba. Kasancewar dillalin kamfani ne mai dukiya a wata nahiya, ko kasancewar masu shi ba Musulmi ba ne, ba ya sauya komai, domin ji'ala tana wajaba da kammaluwar aiki, aikin kuma ya kammala lokacin da baƙon ya ga gidan ta hanyarsa ya nemi ya kama. Ban da haka, baƙon da aka ja waje yana rasa kariyar da yake biyan la'adar dominta, wato riƙe kuɗinsa a hannun kamfani har ya shiga ɗakin da samun wurin kai ƙara idan gidan ya saɓa wa hotunansa, saboda haka mai masaukin da ya nuna masa ragin kuɗi bai nuna masa wannan asara ba ya sake faɗawa cikin ɓoyewar da ake magana a kanta.

Masu gidaje suna da ƙorafi na gaskiya a nan, kuma rashin adalci ne a share shi. Sharaɗin da mutum ya amince da shi don ba shi da wata kasuwar da zai je ba daidai yake da sharaɗin da aka yi tayinsa tsakanin tsara biyu ba, kuma manyan kamfanonin dandali sun daɗe suna gindaya wa masu masauki sharaɗin kada su sayar da ɗakinsu da araha a wani wuri, har a shafinsu na kansu, abin da yake hana baƙo ganin tsadar dillancin ko da ya so. Faransa ta haramta irin wannan sharaɗi a 2015, Kotun Tarayyar Turai kuma ta yanke a Satumbar 2024, a shari'ar da ta shafi Booking.com, cewa ba abu ne da dandalin yake buƙata domin ya gudana ba. Fikihu ma ba ya ɗaure mutum da sharaɗin da ya ƙunshi zalunci. Sai dai wajibi ne a raba abubuwa biyu da masu ƙorafi suke yawan cakuɗawa. Sharaɗin da yake hana mai gida yanke farashin kayansa a inda dillali bai sa hannu ba shiga hurumin da ba nasa ba ne, kuma yaƙarsa ta hanyar doka da ƙungiya da janye gida daga dandalin duk halal ne. Sharaɗin da yake cewa a biya la'ada a kan baƙon da dandalin ya kawo kuwa shi ne ainihin ladan aikin, kuma wanda yake ganin kashi 15 ya yi yawa hanyarsa ita ce ya daina amfani da dillalin, ba ya ci amfaninsa ya hana shi ladansa ba.

Mas'alar da ta rage mai sarƙaƙiya ita ce ta baƙon da ya dawo, wato wanda ya fara zuwa ta dandali, ya biya la'ada cikakkiya, ya ji daɗin wurin, bayan wata shida kuma ya nemi mai gidan kai tsaye. A ƙa'idar ji'ala dillali ya ci ladan haɗin farko kuma ba ya mallakar dangantakar mutane har abada, saboda haka asalin hukuncin shi ne halacci, musamman idan baƙon ne ya nemo da kansa. Abin da zai iya sauya wannan shi ne nassin yarjejeniyar da mai masauki ya sa wa hannu, domin ƙa'idojin Airbnb suna hana amfani da saƙonnin dandalin ko bayanan da aka samu ta cikinsa wajen janye kamun ɗaki na gaba zuwa waje, kuma wanda ya amince da haka ba shi da damar cusa lambar wayarsa cikin saƙo da wannan nufi yana riya cewa bai karya komai ba. Idan kuwa cinikin na biyu ya ƙullu ta hanyar da ba ta saɓa wa alkawari ba, to ya koma musawama tsantsa tsakanin mutum biyu, mai gida yana da damar ya rage wa baƙon kason da dā kamfani zai ɗauka, ko su raba, ko ya riƙe farashinsa yadda yake, muddin bai ce masa ya cire la'ada gaba ɗaya ba alhali rabinta kawai ya cire, kuma muddin ya sanar da shi cewa a wannan karon babu kamfanin da zai riƙe kuɗin ko ya saurari ƙara, sa'an nan su rubuta kuɗin kwana da na ajiya da sharaɗin fasawa kafin a tura ko sisi.